Kaza da Igiya a Bakin Rijiyar Rini

Ni marini ne, duk wanda ya ga hannuwana ba sai ya tambaya ba. Na bar aiki tun da gwiwa ta ƙi ni, amma shuni bai bar ƙarƙashin farcena ba, da shi za a yi mini wanka. A Gwandu aka haife mu, ni da ƙanena, mu biyu kaɗai muka rayu cikin 'ya'yan innarmu. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, sai kawu, wan innarmu, ya ɗauke mu ya kai mu marinarsa ta bayan gari. Can muka tashi, can muka yi gemu.

Wanda bai san sana'ar ba gani yake rini tsoma zane ne a ciro. Rijiyar rini rami ce mai ƙaramin baki, zurfinta ya ninka tsayin mutum, an shafe cikinta da laso don kada ruwa ya tsiyaye. Ana zuba ruwa da toka da shuni a rufe, a bar su su ruɓa har ruwan ya nuna. Sai a yi ta rini wata da watanni, har ruwan ya mutu, ya daina kama zane. Lokacin nan wani baƙin taɓo ya kwanta a ƙasa, shi muke kira katsi. Dole a kwashe ruwan da guga, mutum ya sauka ya yashe katsin kafin a sake haɗa sabon ruwa. Wannan saukar ita ce yasa, kuma ita ke kashe marina.

Kawu mutum ne mai sauƙin kai a komai, sai a kan yasa. Idan an kwashe ruwa, ba mai sauka. A bar bakin rijiya a buɗe rana ta duba ta, iska ta shiga, ana dama katsin daga sama da doguwar muciya, kwana da kwanaki. Ranar sauka sai a kawo kaza mai rai, a sa ta a kwando, a zura ta har ƙasa. A bar ta can gwargwadon yadda mutum zai sha furarsa ya yi 'yar hira. In ta fito tana ƙorafi tana dukan kwando da fiffike, to, mutum ya sauka. In ta fito wuya a langaɓe, kowa ya kama gabansa sai wata rana. Kawu ya ce ruɓaɓɓen katsi yana fitar da wani mugun tururi mai nauyi wanda ido ba ya gani, yana kwanciya a gindin rami, kuma kaza ta fi mutum saurin jin sa.

Bayan kaza sai igiya. Mai sauka a ɗaura masa ita a ƙarƙashin hammata, ɗaya bakin kuma a hannun mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai riƙo. Mai riƙon igiya ba ya cin goro, ba ya korar ƙuda, ba ya amsa sallama. Na taɓa shan mari a kan haka, da gemuna, don wata Bafulatana mai nono daga wajen Masama ta gaishe ni na waiga na amsa. Dokar ƙarshe ita ce kawu ya fi maimaitawa: in na ciki ya faɗi, a ja shi, kada kowa ya bi shi, ko da ubansa ne. Yakan ce ramin da ya kayar da mutum ɗaya zai kayar da na biyu, don ba ya tambayar dalilin saukarka.

Ƙanena ya san duk wannan kamar yadda na sani. Ya fi ni hannu a rini, ya fi ni kyan hali nesa ba kusa ba. Ni mai baƙar zuciya ne, magana ba ta kwana a cikina. Shi kuwa kunya ce ta yi masa yawa, irin mutumin da za a taka masa ƙafa ya ba da haƙuri. Yana kai zannuwa kasuwar Kalgo ya ga wata yarinya, 'yar wani tsohon marini wanda Allah bai ba shi ɗa namiji ba. Aka yi aure, tsohon ya roƙi a bar masa surukin ya zauna tare da shi ya riƙe marina. Inna ta yi kuka, kawu ya sa albarka, ƙanena ya koma Kalgo.

Lokacin Nasara ba su daɗe da zuwa ƙasarmu ba. Da bazara aka aiko cewa matar ƙanena ta haifi namiji. Inna ba ta iya tafiyar, sai ta ɗaure gero da man shanu da ɗan zanen goyo, na ɗora wa jaki, na bi ta Dalijan, na kwana a hanya na isa ana gobe suna.

Bari in faɗi gaskiya game da tsohon, don kada wani ya ce ƙiyayya ce ke magana. Mutumin kirki ne. Ƙato ne mai babbar murya, hannuwansa baƙi ƙirin har gwiwar hannu, dariyarsa ana jin ta daga bakin kasuwa. Ya sauke ni a zaurensa, ya sa aka dafa mini shinkafar fadama da ɗanyen kifi, yana kirana ɗana. Na so shi. Har yau in na tuna shi ina yi masa addu'a, kuma har yau ina jin haushinsa.

Aka yi suna lafiya. Na yi niyyar juyawa, sai na ji ana maganar yasa. Wasu fatake sun zuba wa tsohon fararen zannuwa masu yawa, suna son tashi kafin ruwa ya sauka ya rufe hanyoyin fadama, ga shi ruwan babbar rijiyarsa ya mutu. Da la'asar na ga an kwashe ruwan. Na ɗauka za a bar ta ta sha iska. Da safe ina karyawa na ji an ce yau za a sauka, kuma ƙanena ne zai sauka.

Na bar kokon na bi su marina. Da na ga wani ya taho riƙe da kaza sai hankalina ya ɗan kwanta, na ce ashe dai sun san abin. Ina tsaye ina neman kwando da ido, sai na ga an kwantar da kazar a bakin rijiya, an yi bisimilla, an yanka ta. Aka miƙa wa wata yarinya ta kai cikin gida a fige. Mutane suka shafa fatiha, suka ce an fitar da kazar yasa, Allah ya kiyaye.

Na ja ƙanena gefe na tambaye shi ina mai ran. Ya sunkuyar da kai ya ce nan haka suke yi, sadaka ce, tun kakanni. Na ce igiya fa? Ya ce in rage murya. Wai a marinar nan duk wanda ya ɗaura igiya dariya ake yi masa, a ce akuya ake ɗaurewa. Na tambaye shi ko ya taɓa sauka haka. Ya ce ya sha sauka. Wallahi ji na yi kamar in kwaɗa masa mari a gaban surukinsa. Mutumin da kawu ya yi renonsa da hannunsa, ya san amfanin kaza, ya san amfanin igiya, ya ajiye su duka don kada a yi masa dariya, ya kuma kasa buɗe baki ya gaya wa tsohon don wai suruki ba ya gyara wa suruki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kazar. Ashe kakanninsu sun san abin da kawu ya sani, shi ya sa kaza ta shiga maganar yasa tun farko. Wani ne can baya ya ga asarar zura kaza a rami, ko ya ga ta fi daɗi a tukunya, sai aka riƙe kazar aka yar da dalilin. Ba na faɗa da sadaka, a yi ta, tana maganin masifa. Amma yankakkiyar kaza ba za ta gaya maka abin da ke gindin rami ba.

Na san ni baƙo ne, baƙo kuwa raɓa ne. Na san bai kamata in yi magana a marinar wani ba. Amma ga ƙanena yana tuɓe riga, ga jaririnsa a ɗaki ko cibiya ba ta gama warkewa ba. Na je gaban tsohon na durƙusa, na yi magana da ladabi iyakar yadda irina zai iya. Na ce a bar rijiyar ta kwana biyu a buɗe. In ba za a iya ba, a ba ni kaza mai rai da kwando. In shi ma ba za a iya ba, a kawo igiya in riƙe da kaina. Mutanen marina suka fara murmushi, wani ya ce mutanen Gwandu sun zo da karatu. Tsohon ya yi dariya ya ce ya yashe rijiyar nan tun ba a haife ni ba, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Sai na miƙe na ce, "Baba, rijiya taka ce, ka yi yadda ka ga dama da ita. Amma wanga ɗan innata ne, kuma ba ya sauka ciki yau ina tsaye."

Dariyar tsohon ta ɗauke. Ya dube ni, ya dubi ƙanena wanda ya rasa inda zai sa fuskarsa, sai ya ce ba za a je Gwandu a ce ya kashe ɗan mutane ba, shi zai sauka da kansa. Na ce ba haka nake nufi ba, kada kowa ya sauka. Ƙanena ya roƙe shi, ya kama ƙafarsa. Tsohon ya ture hannunsa, ya tuɓe ya rage daga shi sai warki, ya karɓi ƙwarya ya taka tsani. Na ce aƙalla a ɗaura masa igiya. Ya ɗago kai daga bakin rami ya ce in nemo akuyar gidanmu in ɗaure.

Hantsi ne, rana ta fara zafi. Muna leƙe muna ganin tsakiyar kansa. Ya cika ƙwaryar fari ya miƙo, aka karɓa. Ya cika ta biyu yana tsokanata, yana tambaya ko na ga aljanin Gwandu a ciki. Da ya luma ƙwarya ta uku ya fasa katsin ƙasa, sai wani wari ya taso kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, har mu na sama muka kau da kai. Ya yi tari. Ya dafa bango. Sai ya zauna a hankali kamar mai son ya huta, kansa ya jingina, ƙwaryar ta sulale daga hannunsa. Aka kira shi, bai amsa ba.

Kafin in juya ƙanena ya riga ya sa ƙafa a tsani. Na cafke shi ta baya na fizgo shi, muka zube ƙasa tare. Ban taɓa sanin yana da ƙarfi haka ba. Ya yi ta shure-shure yana cewa in sake shi, ubansa ne, ubansa ne. Na danne shi na zauna a kan ƙirjinsa, ina ihu a kawo igiya, a kawo ƙugiya, a yi fifita da tabarma a bakin ramin. Ya kafa haƙoransa a damtsena har jini ya zubo. Ga tabon nan, duk mai so ya zo ya gani.

To, me mutanen nan suka yi? Maza ne cike da marina, masu ƙafafu lafiyayyu. Wasu suka tsaya suna salati. Sauran suka taru a kaina suna ja na, wai in sake shi ya ceci surukinsa. Hannuwan da ya kamata su ruga su ɗauko igiya, su ne a wuyana. Ba wanda ya sa tasa ƙafar a tsani, a'a, ɗan innata suke so ya sauka, don al'ada ta ce suruki ba ya tsayawa yana kallo. Duk marinar nan, mai rijiyoyi da yawa, babu igiya ko ɗaya da za ta ɗauki mutum, sai 'yan guntayen da ake shanya. Wata mata ce daga maƙwabta, Allah ya saka mata, ta fito da gudu ko mayafi babu, da igiyar rijiyar gidansu da ƙugiyar da ake ciro guga in ya faɗa. Wani dattijo ya karɓa ya yi ta lalube har ƙugiyar ta kama ɗaurin warkin tsohon. Sai a lokacin mutane suka sake ni suka kama igiya.

Ya fito a naɗe, kai da ƙafafu suna reto, katsi ya rufe masa fuska. Aka kwantar da shi, aka zuba masa ruwa, aka danna ciki, aka kira sunansa a kunne. Rai ya yi halinsa. Na ɗaga ƙanena, ya rarrafa ya je ya rungume gawar.

Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Kafin la'asar magana ta gama gari, kuma ba maganar kaza ko igiya ake yi ba. Cewa ake baƙo ya zo da baƙin baki ya tunzura tsoho. Cewa ake suruki yana kwance a bakin rami aka ciro uban matarsa da ƙugiya kamar guga. Wai da ya sauka nan take da ya ɗago shi. Ɗago shi da me? Ƙaton mutum, a sume, a ramin da ya kayar da shi cikin ƙiftawar ido. Masu ta'aziyya suna ta cewa kwana ne ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, ban musa ba, ni ma Musulmi ne. Amma Allah ya ce tashi in taimake ka, bai ce ka shiga rami tsirara ka jira shi ba.

Washegari zuciya ta ɗebe ni, na samo kaza mai rai na sa a kwando, na kira mutanen marina su zo su gani. Na zura ta, na jira, na jawo. Ta fito a mace, ƙafafu a miƙe. Na ɗaga ta sama na ce to, ga abin da na hana ɗan'uwana shiga. Suka dubi kazar, suka dubi juna, sai wani ya ce lallai abin da ke cikin rijiyar nan bai ƙoshi ba, a sake yanka wata. Na yi jifa da kwandon. Da na ƙara tsayawa a wurin da na daki wani.

Na sami ƙanena a zaure shi kaɗai, ya haɗa kai da gwiwa. Na zauna kusa da shi, ina zaton ko ba komai shi ya san gaskiya. Bai dube ni ba. Sai ya ce, "Yaya, da ka bar ni na mutu da mutuncina."

Na ce mutuncin ne zai yi wa jaririn nan noma? Na ce in koma in gaya wa inna me, in ce na tsaya ina kallo ɗanta ya bi wani cikin rami don kada 'yan marina su yi gulma? Na faɗi maganganu da yawa, wasu masu zafi, kuma ban janye ko ɗaya ba har yau. Ya bari na gama, sannan ya ce in koma gida. Na leƙa in yi wa matarsa sallama, ta juya mini baya tana ba ɗanta nono. Ita ban ga laifinta ba, ubanta ne. Na ɗaura wa jakina akumari na fita. Ko ƙofar gida ba wanda ya raka ni.

Da na isa Gwandu na ba kawu labari, ina huci, na nuna masa damtsena da ya kumbura. Ya duba cizon da kyau, ya latsa, ya ce, "Mai rai ke cizo." Ya koma kan aikinsa. Inna kuwa da ta ji sai ta yi alwala ta yi nafila, kuma tun daga ranar ita ke ajiye mini ƙanzon tuwo da kanta kamar ina yaro.

Na ɗauka abin na wata biyu ne ko uku. Ina! Shekara ta zagayo ba saƙo. Masu zuwa kasuwa suna kawo mini labari ba tare da na tambaya ba: ƙanenka ya riƙe marinar tsohon, ƙanenka ba ya zama cikin mutane, an yi masa laƙabi da ƙugiya, yara suna faɗa in ya wuce. Na aika masa da goro da Sallah, aka karɓa, ba a aiko da godiya ba. Na sake aikawa wata shekarar, haka. Sai ni ma na yi zuciya na daina. Inna takan ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Nakan ce ai ni ban yar ba, ni aka yar. Da ta rasu ya zo, muka zauna a tabarma ɗaya muna karɓar gaisuwa, ya ce mini ya haƙuri, na ce masa ya haƙuri. Da aka yi sadakar uku ya tafi. Kawu ma da ya rasu haka aka yi.

Kada a ɗauka na yi ta kuka ne a shekarun nan. Fushi na yi. Nakan tsaya ina dama rijiya in tuna, in ji muciya tana neman karyewa a hannuna. Na ba shi ransa, ya karɓa yana amfani da shi, yana ci yana sha yana haihuwa, amma ni ne mugu. Marinar kawu ta dawo hannuna, na ƙara tsanani fiye da shi. Na kori mutum don ya ɗaura igiya a kugu maimakon hammata. Aka ce na cika faɗa. To, na cika. Ba a taɓa ciro kowa da ƙugiya daga rijiyata ba.

Shekara goma sha wani abu ta wuce, furfura ta fara fito mini. Wata bazara shuni ya yi wuya a wajenmu, matan garin Malisa da ke kawo mana ba su samu ba, aka ce akwai shi a Kalgo. Ban so zuwa ba, amma rijiyoyi ba sa jira. Na je na saya, na ɗaure kaya, na ce ko ruwan garin ba zan sha ba. Sai dai hanyar fita ta bi ta bayan marinar, jakin kuma ya tsaya cin wata ciyawa, ni ma ban kore shi ba.

Mutane na tsaye a bakin babbar rijiyar nan, ita dai. Bakinta a buɗe, ga doguwar muciya a jingine, katsin jikinta ya bushe, alamar an kwana biyu ana damawa. Wani mutum mai furfura yana jawo kwando a hankali. Sai da ya juya na gane ƙanena ne, ya rame, ya ranƙwafa fiye da ni. Ya buɗe kwandon, kaza ta yi tsalle ta fita tana masifa, ta bi ta tsakanin ƙafafun mutane. Ba wanda ya yi dariya. Kusa da shi wani saurayi ne dogo, daga shi sai warki, fuskar innarmu sak. Jaririn nan ne. Ƙanena ya ɗauko igiyar rama sabuwa mai kauri, ya zagaya ta ƙarƙashin hammatar yaron, ya yi ƙullin kawu, ya ja ya gwada, ya sake gwadawa.

Zuciyata ta tafasa. Wato ya sani. Duk shekarun nan ya sani, har ya koya wa mutanen da suka yi masa laƙabi, amma bai iya taka ƙafa zuwa Gwandu ya ce mini ko sannu ba. Na buɗe baki zan faɗa masa haka a gaban kowa, maganar da na yi shekaru ina wasawa. Sai ya ɗago ya gan ni. Muka dubi juna. Ya dubi hannuwansa, na ga ƙarfinsu ya tafi, ba za su riƙe nauyin mutum ba. Ya tako har inda nake ya miƙo mini bakin igiyar.

"Riƙe mini shi, Yaya," in ji shi.

Bai ce in yafe masa ba, a ranar ko bayanta, kuma har ya koma ga Allah ban daina jin haushin hakan ba. Na saki jakin da kayan shunin a kan hanya. Na naɗe igiyar a damtsena, daidai kan tabon, na kafa ƙafa a bakin rijiya. Yaron ya taka tsani ya fara sauka, ina sakar masa kaɗan kaɗan, ina jin nauyinsa a hannuna. Wani daga baya ya gane ni ya yi mini sallama, ya sake yi. Na ji ƙanena yana gaya masa ya bari, mai riƙon igiya ba ya amsawa.